Wa Ya San Baudilia?

Duk wanda ya taɓa sayen konca, ƙumbar nan ta cikin laka da ake ci, a bakin gadar jiragen ruwa ta San Lorenzo ya san Baudilia Landázuri, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, kullum da sigari a bakinta, ɓangaren wutar a cikin bakin, yadda matan laka ke yi don korar sauro. Ba ta ragi, ba ta kuma daɗin baki. In ka kuskura ka ce koncarta ƙanana ne, sai ta dube ka daga sama har ƙasa ta ce, "To ga lakar can, shiga ka zaɓo manya."

Ba a nan aka haife ta ba. 'Yar Guabalito ce, wani ƙauyen bakin kogi a tsallaken iyaka, ɓangaren Kolombiya. Ubanta Telmo sassaƙar kwale-kwale yake yi, uwarta Nimia kuwa ita ake kira ta ja waƙa in an yi rasuwa. Tun Baudilia ba ta kai tsayin bokiti ba take bin mata dajin itatuwan da ke tsaye cikin lakar bakin teku idan ruwa ya janye. Aikin ba wani sirri a cikinsa: ka nutse a laka har cinya, ka zura hannu tsakanin saiwoyi har kafaɗa, ka lalubo ƙumbar, ka fito kafin ruwa ya dawo. Wanda bai iya ba ya koma gida da yanka a hannu da bokiti wayam. Ita ta iya tun tana yarinya, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ta iya ba.

Sai masu bindiga suka shigo kogin. Ba su da hayaniya, wannan ne abin tsoronsu. Za su tare mutum a mashaya, su gaishe shi da ladabi, sannan su tambaya, "Ka san wane?" In ya ce eh, sai su ce to ya taimaka ya nuna musu gidan. Ba a daɗe ba mutanen Guabalito suka koyi amsa guda. Ɗa ya ce bai san ubansa ba, maƙwabci ya ce bai taɓa ganin maƙwabcinsa ba, kuma ba mai jin haushin wani, don kowa ya san rai ake karewa. Duk da haka wata rana wani ya ce ya san Arnulfo, ƙanen Baudilia. Har yau ba a san ko wane ne ba, ba a kuma sake ganin Arnulfo ba. Baƙin ciki ya kwantar da Nimia, kwanciyar da ba ta tashi ba. Da aka binne ta, Baudilia ta ɗaure kayanta a zani, ta hau ɗaya daga kwale-kwalen ubanta ta tsallako.

A San Lorenzo aka ba ta katin 'yan gudun hijira, irin wanda ake zuwa sabuntawa lokaci-lokaci. Laka kuwa ba ta tambayar kati, don haka washegari ta koma bakin aikinta.

Ba ita kaɗai ta tsallako ba. Kusan rabin Guabalito ya biyo baya, wasu a bana wasu a baɗi, suka watsu a unguwannin bakin ruwa. Suka zo da tukwanensu da waliyyansu na katako, suka kuma zo da waccan amsa. Ba wanda ya san wa ya tsallako don tsoro, wa ya tsallako don a ji tsoronsa, don haka ba sa gaisawa. Mu 'yan gari mun daɗe muna ɗaukar abin girman kai ne, har muna zaginsu a bayan ido, Allah ya yafe mana. Akwai Genara Preciado mai soya kifi a kasuwa, wadda tare suka koyi iyo da Baudilia, tare aka yi musu baftisma. Shekara da shekaru Baudilia na zuwa rumfarta ta ce, "Nawa-nawa?" Genara ta faɗi kuɗin idonta na kan kasko, ta naɗe kifin ta miƙa, kowa ya kama gabansa.

Remberto Mina shi ke kai matan laka daji a jirginsa mai inji, ya kuma kwaso su idan ruwa ya fara dawowa. Ɗan nan garin ne, gajere, matarsa ta rasu, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ranar da ya fara ganinta ya ce, "Doña, ki zauna tsakiya, kar jirgin ya karkata."

Ta ce, "Da kana da nauyin kirki da ka daidaita shi."

Daga nan aka fara. Ya riƙa rage mata kuɗin jirgi tana mayar masa, ya kawo mata agade daga gonar ƙanensa ta ce ba su nuna ba amma ta karɓa. Kafin a ankara ta tare a gidansa mai ƙafafun katako, kamar yadda aka saba yi a nan, ba wanda ya ga abin magana. Ban da 'yar uwarsa Marilú, wadda in za ta ambace ta sai ta ce "baƙuwar Remberto", ko da kuwa baƙuwar ce ta dafa abincin da take ci.

Sun yi shekaru a haka kafin ya kawo maganar aure. Suna gyaran raga ne a baranda ya ce, "Baudilia, na gaji da zaman haya a zuciyarki. Mu je a rubuta mu."

"Da tsufanka?"

"Tsufan ne ya sa. Wa zai ɗauke ni yanzu in kin sake ni?"

Ta yi tsaki ta ci gaba da ɗinki. Gaskiyar magana tana so, so mai tsanani. Tun da ta tsallako, komai nata na aro ne mai wa'adi: katinta a sabunta, zamanta a sabunta, har gaisuwar da ake mata ta baƙo ce. Tana son abu guda a ƙasar nan wanda ba za a ce mata ya ƙare ta dawo ta bi layi ba.

Suka je ofishin rajista, shi cikin farar riga, ita ta goge lakar farcenta har ya yi ja. Jami'in wani matashi ne mai sanyin murya. Ya duba katin Remberto ya ajiye, ya duba nata ya ɗan jima. Sannan ya ce tun da ita baƙuwa ce, sai ta kawo takarda daga ƙasarta mai nuna cewa ba ta da aure a can.

Nan gizo ke saƙar, in ji lauyar da ke taimakon 'yan gudun hijira, wadda suka je wa daga baya. Takardar a ofishin jakadancin Kolombiya ake nema, kuma wanda ya ce ya gudo daga ƙasa, in aka gan shi ya koma yana neman alfarma a ƙofarta, ana iya cewa ashe tsoron ya wuce, a karɓe katin. Ko da ta yi kasadar ma, me za a samo? Ɗakin da ake ajiye rajistar Guabalito ya ƙone tun zamanin tashin hankali. Amma akwai wata ƙofa, in ji lauyar. A samo manya biyu da suka san ta tun daga gida, su rantse a gaban jami'i cewa ba ta taɓa aure ba, shi ke nan.

Remberto ya washe baki. "Biyu kacal? Ai rabin unguwarmu 'yan koginku ne, ko kare ya sani."

Baudilia ta ɗauki katinta ta kama hanyar gida.

Ta yi kwanaki tana auna mutane a ranta, ta tsaya a kan Don Evaristo Angulo. Tare da ubanta suke sassaƙa a da, yanzu ya tsufa yana facin raga a bayan gidan ƙanƙara. Ta same shi shi kaɗai, ta durƙusa kusa da shi kamar mai duba raga, ta faɗa masa buƙatarta ba tare da ta kalle shi ba. Sai ga hawaye na bin gemun tsohon. Ya ce, "'Yar Telmo za ta yi aure, ni kuma ina raye. Zan zo, ɗiyata. Ko da rarrafe zan zo." Shaida na biyu kuwa, suka ce in na farko ya yi, wani zai samu ƙarfin gwiwa.

Ya cika alkawari, ya zo da hularsa ta zuwa coci. Aka zaunar da shi gaban tebur. Jami'in ya gaishe shi da ladabi, ya ɗauki biro, ya nuna Baudilia ya ce cikin taushin murya, "Don Evaristo, ka san wannan matar?"

Baudilia ta ga lokacin da fuskar tsohon ta rufe. Idonsa ya koma kan bango, kafaɗunsa suka sauka.

"Ban san ta ba."

Jami'in ya yi zaton bai ji da kyau ba ne, ya sake tambaya a hankali, wanda hakan ya ƙara ɓata lamarin.

"Ban taɓa ganinta ba, ranka ya daɗe. Ni facin raga nake yi."

Remberto ya ce, "Haba Don Eva, tare fa muka hau babur ɗaya yanzu." Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya miƙe yana laluben ƙofa, ya fita ya bar hularsa a kan kujera. Jami'in bai yi faɗa ba, ya dai ce ba zai iya rubuta abin da ba a faɗa ba, kuma gaskiyarsa ce.

Kafin yamma labari ya zaga gari, ya kuma ƙaru a hanya. Marilú ta zo har gida, ta tsaya a ƙasan tsani tana magana da ƙanenta da ƙarfin da maƙwabta za su ji. "Ni dai ban ce komai ba. Amma mutum ya ƙi rantsuwa a kan mace, ai da dalili. Ka bincika, kar wata rana wani ƙato ya sauko daga jirgi ya ce ina matarsa."

Remberto ya ce, "In ya zo ki aure shi, mu huta."

Ya kare Baudilia, amma ta ji ciwon har ƙashi. Ba Marilú ce ta fi ƙona mata rai ba, ba kuma Evaristo ba, don ta san ba shi ya yi magana ba, mashayar Guabalito ce ta yi magana da bakinsa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san da ita aka zaunar a kujerar aka tambaye ta game da shi, ba ta da tabbacin abin da zai fito daga nata bakin. Ta ce wa Remberto a bar maganar aure. Ya ce bai ji ba, injin jirgi ya kashe masa kunne.

Ana cikin haka Doña Paskuala ta rasu. Tsohuwa ce 'yar Guabalito da ke wankau, ba ɗa ba jika, a wani ɗaki bayan makaranta. Maƙwabtanta 'yan gari suka haɗa akwati, wata sista ta yi addu'a, maza huɗu suka ɗauka da rana tsaka suka biyo ta kasuwa zuwa maƙabarta. Bayansu mutum ƙalilan ne, suna tafiya da sauri don rana na duka.

Baudilia ta sauko daga jirgi ke nan, laka har wuya, bokiti a ka. Ta tambayi gawar wa, aka faɗa mata. Ta tsaya tana kallon akwatin na wucewa shiru kamar an ɗauko buhun gawayi. A koginsu ba a binne babba ba tare da alabao ba, waƙar rakiya, mace ɗaya ta ja sauran su amsa, in ba haka ba sun yi imani mamacin ba ya samun hanya. Paskuala da kanta ta amsa wa Nimia a rasuwa ba adadi, ta kuma amsa a ranar da aka binne Nimia. Masu cewa Baudilia dabara ta yi don ta samu shaidu ba su san ta ba, matar da ko ciniki ba ta iya lallashi ba. Haushi ne kawai ya taso mata. Ta sauke bokitin a tsakiyar hanya, ta tofar da sigarin, ta ja baitin farko.

Muryar ta fito a dushe, don rabonta da waƙa tun tsallakowa. Masu ɗauke da akwati suka rage tafiya. Kasuwa ta yi tsit. Ta kai ƙarshen baitin, inda ake amsawa, ba wanda ya amsa.

Kowane kogi da karin waƙarsa, kuma duk wanda ya amsa wannan ya faɗa wa kasuwa gaba ɗaya daga inda ya fito. Baudilia ta san haka, kamar yadda ta san jan da ba a amsa ba ya fi shirun muni, cin fuska ne ga gawa. Ta ga fuskokin da ta sani tun ƙuruciya, wannan na duba tumatir, wancan ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Ta yi ta maza ta sake ja, wannan karon da ƙarfi, yadda uwarta ke yi.

Amsar ta zo daga rumfar kifi. Genara ce, bayanta na ga hanya, tana juya kifi a kasko tana amsawa kamar ba ita ba. A baiti na gaba ta ajiye matsamin ta juyo. Sai wata murya daga wajen masu kwakwa, sai biyu daga bakin gada, sai wani mai turin baro ya saki baronsa ya cire hula. Kifin Genara ya ƙone ƙurmus a ranar, ba wanda ya kula sai karnuka. Kafin a kai maƙabarta, masu bin gawar Paskuala sun cika titi daga wannan gefe zuwa wancan, wasu na waƙa wasu na kuka, da yawa suna haɗa biyun.

Da aka rufe kabari aka tsaya cirko-cirko, an rasa ta inda za a fara. Genara ce ta matso, ta share hanci da gefen zaninta ta ce, "Har yanzu kina haɗiye ƙarshen baiti, Baudi."

"Ke kuma har yanzu kifinki gishiri ne zalla. Shekara nawa ina ci ina haƙuri."

"Wa ya aike ki? Rumfa nawa ce a kasuwar?"

Sai suka rungume juna, lakar ɗaya ta shafi man ɗaya.

Kada a ce tsoro ya tafi a ranar, bai tafi ba. An yi kwanaki duk baƙon jirgin da ya tsaya a gada sai gaban mutane ya faɗi. Amma ba wanda ya zo, ba wanda aka tambaya, kuma wanda ya riga ya yi waƙa a tsakiyar kasuwa ba shi da sauran abin ɓoyewa. Aka fara gaisawa, da farko da ka, daga baya da suna.

Ranar da suka koma ofishin rajista, jami'in ya leƙo ya ga mutane har bakin titi, ya tambaya ko wani abu ya faru. Remberto ya ce, "Shaidu ne. Ka ce biyu, to ka zaɓa, akwai dogaye akwai gajeru." Aka yi ta gardama a ƙofa kan wa ya fi saninta, wata na cewa ita ta yi mata kitson fari, wani na cewa shi ta taɓa fasa wa kai da ƙumba. Daga ƙarshe aka tura Genara da Floro, mai baron nan.

Jami'in ya yi tambayarsa da taushin muryar nan tasa. Baudilia ta ga Genara ta damƙe bakin tebur.

"Na san ta," in ji Genara. Ta numfasa, sai bakin ya buɗe gaba ɗaya. "Baudilia ce, 'yar Telmo da Nimia, yayar Arnulfo, daga Guabalito. Rubuta Arnulfon ma."

"Ta taɓa aure a can?"

"Aure? Ɗana, dube ta fa. Mutum biyu suka taɓa gwada zuwa zance, ɗaya ta tura shi kogi, ɗayan ya ji labari ya fasa."

"Doña, eh ko a'a nake so."

"A'a. Wannan bawan Allah shi ne na farko da ya rasa wayo."

Floro ya rantse shi ma, a taƙaice, yana murza hula. Jami'in ya rubuta, ya buga hatimi, kuma tun da ango da amarya na nan, ranar da aka ba su ba ta yi nisa ba. Suka dawo aka ɗaura, ita cikin shuɗiyar riga da matan Guabalito suka ɗinka, shi yana tsaye a kan yatsu don hoto. Da aka miƙo mata biro ta sa hannu, ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi. Ta tambayi jami'in yaushe za ta dawo a sabunta. Ya ce wannan ba a sabunta shi. Ta sa ya maimaita, ba don ba ta ji ba. Daɗin da ta ji a lokacin ba ta taɓa jin irinsa ba, ta kuma faɗa da bakinta a gaban kowa, ita da ba ta yabon ko miya. Marilú ma ta zo, ta ce ita dama tun farko ta san matar kirki ce, aka bar ta da abinta.

Da suka fito, an riga an fara kaɗa ganga, tukwanen konca da madarar kwakwa na jira a gida. Sai Baudilia ta hango Don Evaristo a tsallaken titi, a gindin wata bishiya, kansa ba hula. Bai yi waƙa a kasuwa ba, bai zo gardamar shaidu ba, tun ranar nan in ya hango ta sai ya canza hanya. Ta saki hannun Remberto, ta tattare rigarta ta tsallaka.

Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Don Eva, taho mu je ka ci abinci. Ba mai tambayarka komai."

Ya ɗago ya dube ta. Ya waiga dama, ya waiga hagu, akwai mutane ta ko'ina kuma suna ji.

"Yau kin fito Nimia sak," in ji shi. "Har tsayuwar."

Ta kama hannunsa suka tsallako, a hankali, don ƙafarsa ba ta sauri.